Bashin Gwamnati da Zaman Kashe Wando: Ina Haɗinsu?

Tambaya: Malam, na gama jami'a, na yi hidimar ƙasa, har yau ina gida. Kullum ana cewa gwamnati ta ciwo bashi don a yi ayyuka, matasa su samu abin yi. Sai ga wasu masu ra'ayin riƙau suna cewa bashin ne ma ke kashe ayyukan. Yaya kuɗin da ya shigo ƙasa zai hana ni samun aiki? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Ɗana, Allah Ya kawo maka mafita ta alheri. Tun daga farko ka san inda na tsaya: a wannan magana ina tare da masu cewa gwamnati ta tsuke bakin aljihunta, ko da yake ba duk abin da suke faɗa nake ɗauka ba.

Hausawa na cewa bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma babu ƙasar da ba ta ci. Jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 da rancen China aka gina shi, ga shi mutane na hawa. Takardun lamunin Sukuk na naira biliyan 100 da aka fara sayarwa a 2017 hanyoyi aka yi da kuɗinsu, kana iya zuwa ka taka. Dokar kula da kashe kuɗin gwamnati ta 2007 ma irin wannan ta halatta: a ci bashi don manyan ayyuka da gina ɗan Adam, kuma giɓin kasafi kada ya wuce kashi 3 cikin ɗari na arzikin da ƙasa ke samarwa a shekara. Abin da ake kuka da shi shi ne bashin da ake ci don biyan albashi da alawus da kuɗin ruwan wani tsohon bashin. Wannan ba ya haifar da abin da zai biya kansa.

Mun taɓa fita daga wannan rami. A 2005, zamanin Obasanjo, lokacin da Ngozi Okonjo-Iweala ke ministar kuɗi, ƙasashen Kulob ɗin Paris suka yafe wa Najeriya kimanin dala biliyan 18, ita kuma ta biya kusan biliyan 12, aka rufe littafin a 2006. Sai dai mun sake komawa ciki. A tsakiyar 2015 jimillar bashin tarayya da jihohi ta kai kusan naira tiriliyan 12. A tsakiyar 2023 ta haura tiriliyan 87, a ƙarshen 2024 kuma ta wuce 144. A yi adalci, wani kaso babba na wannan tsalle faɗuwar naira ce ta jawo shi, domin bashin dala ya kumbura idan aka lissafa shi da kuɗinmu. Amma mai biya ba ruwansa da dalili, nairar ce dai zai nemo.

To ta ina abin ya shafe ka? Ka fara da banki. Yawancin mutane idan sun ji an ce bashin gwamnati sai hankalinsu ya tafi China ko Bankin Duniya, alhali kaso mai tsoka a cikin gida ake cin sa, daga bankuna da asusun fansho, ta hanyar sayar musu da takardun lamuni. A 2024 ruwan da gwamnati ke biya a kan takardun shekara ɗaya ya haura kashi 20 cikin ɗari. Ka sa kanka a kujerar manajan banki. Ga gwamnati za ta ba ka wannan riba kana zaune, babu fargabar asara. Ga kuma mai casar shinkafa daga Kura yana neman rance ya ƙara inji ya ɗauki yara goma, amma wuta ba ta tsayawa, hanya ba tsaro. Wa za ka ba? Idan ma ka ba shi, da ruwan da ya kusa kashi 30 ne, kuma ba ƙaramar sana'a ce za ta iya ɗaukar wannan ba. Sai ya fasa. Yaran nan goma ba wanda ya kore su daga aiki, ba za su fito a jarida ba, aikin ne ba a buɗe ba tun farko. Mai yiwuwa kana cikinsu.

Sai bashin da ya fi ɓata mini rai, wanda gwamnati ta riƙa karɓa kai tsaye daga Babban Banki. Dokar bankin ta 2007 ta ce irin wannan rance kada ya wuce kashi 5 cikin ɗari na kuɗin shigar shekarar da ta gabata, kuma a biya kafin shekara ta fita. Aka yi watsi da ita har ya taru ya kai naira tiriliyan 22.7, Majalisar Dattawa ta amince a watan Mayun 2023 a mayar da shi bashi na dogon zango. Wannan kuɗi ba ajiyar kowa ba ne, ƙirƙirar sa aka yi. Kuɗi ya ƙaru a hannu, masara da siminti ba su ƙaru a kasuwa ba, farashi dole ya tashi. Da cire tallafin mai da sakin naira a 2023 suka haɗu da wannan, hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 a Disambar 2024. Magidancin da albashinsa ke ƙarewa a abinci ya daina kai ɗinki, ya daina gyaran ɗaki, tela da birkila su ma sai su sallami yaransu. Babban Banki kuma, don ya kashe wutar, ya ɗaga ma'aunin kuɗin ruwa har zuwa kashi 27.5, abin da ya ƙara rufe wa mai casar shinkafar nan ƙofa.

Ga kuma baitulmali. Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa a 2022 kusan kashi 96 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya biyan bashi ya cinye. A kasafin 2025 abin da aka ware wa bashi ya haura naira tiriliyan 14, fiye da na ilimi da lafiya idan an haɗa su.

Kada alƙaluman rashin aikin yi su ruɗe ka. Hukumar Ƙididdiga ta ce kashi 33.3 ne a ƙarshen 2020, sannan ta ce 4.1 a farkon 2023. Ma'aunin ne aka canza: yanzu wanda ya yi aikin awa ɗaya a mako don samun kuɗi ana ƙirga shi cikin masu aiki.

Inda nake rabuwa da wasu masu ra'ayin riƙau shi ne ɗora wa bashi laifin komai. Masaƙun Kakuri a Kaduna da masana'antun Sharaɗa da Bompai a Kano rashin wuta da tsadar baƙin mai da kayan fasa-ƙwauri ne suka durƙusar da su, kuma da yawansu sun rufe a shekarun da bashin ƙasa ke raguwa. Haka nan wanda ya ga zamanin shirin gyaran tattalin arziki na SAP daga 1986 ya san tsuke bakin aljihu kan faɗa kan malamin makaranta da majinyaci, manya kuwa ko gezau. Idan za a rage, a fara daga ayarin motoci da tafiye-tafiye da hukumomin da aikinsu ɗaya, waɗanda rahoton kwamitin Oronsaye ya ba da shawarar a haɗe ko a soke tun 2012.

Shirye-shirye irin su N-Power, da ya riƙa biyan matashi naira 30,000 a wata, sun share hawayen gidaje da dama, ban raina su ba. Sai dai da wa'adi ya cika matashin ya koma inda yake. Gwamnati ba ta da kujerun da za su ɗauki ko rabin masu fitowa daga jami'a kowace shekara. Mai ɗaukar ka aiki ɗan kasuwa ne ko mai masana'anta ko manomi, kuma abin da yake jira rance mai sauƙi ne da wuta da farashin da zai iya yin lissafi a kansa.

Saboda haka duk lokacin da ka ji an ce majalisa ta amince da sabon rance, na tarayya ko na jiharka, ka tambayi aikin da za a yi da shi da sunansa da wurinsa, da dala za a biya ko da naira, kuma daga wane kuɗin shiga. Ofishin Kula da Basussuka na fitar da abin da ake bin tarayya da kowace jiha duk bayan wata uku, kuma kana iya duba na Kaduna a wayarka.