Uwargida, Gina Akurki Kafin Ki Sayi Kaza

Yawancin masu sha'awar kiwon kaji a gida daga kasuwa suke farawa. A zaɓo kaji masu kyan gashi, a kawo su gida ɗaure da ƙafa, sai magariba ta yi a fara tunanin inda za su kwana. Wasu su hau katanga, wasu su maƙale a bayan murhu, kafin sati ya zagayo an rasa biyu. Shawarata gare ki, uwargida, da maigidan da zai taimaka da kuɗin katako, ita ce a gama makwanci tukuna, a tanadi kwandon 'yan tsaki, sannan a nufi kasuwa.

Ki fara da kaɗan. Kaji mata huɗu ko biyar da zakara ɗaya sun isa, domin zakara ɗaya yana iya riƙe mata goma. Ga mai farawa, ni kajin Hausa nake zaɓa mata. Gaskiya ne Shika Brown, wadda aka samar a cibiyar binciken dabbobi ta Shika kusa da Zariya, ta fi su ƙwai nesa ba kusa ba, Noiler kuma ta fi su nama da saurin girma. Amma waɗannan suna son abincin saye, ba kasafai suke kwanci ba, kuma jikinsu ya yi nauyin da ba sa iya tsere wa kare. Kazar gida tana tono ta ci, tana tashi sama idan an biyo ta, tana kuma tare wa 'ya'yanta faɗa. Takan saka ƙwai 10 zuwa 15, ta kwanta a kansu kwana 21, ta ƙyanƙyashe. Tana iya yin haka sau uku a shekara. Da duk abin da aka ƙyanƙyashe yana rayuwa, da gidajenmu sun cika da kaji. Abin takaici, sau da yawa kaza takan fito da goma, ana muzuru ana shaho a tsira da uku.

Makonni shida na farko su ne lokacin da aka fi yin asarar, kuma da rana tsaka ake yin ta. Shirwa tana shawagi a saman unguwa ba gajiya, shaho yana laɓewa a bishiya ya faɗo sau ɗaya, hankaka kuma yana ɗaukar ƙwai da tsakon da ya yi nisa da uwarsa. Kaza mai 'ya'ya ke gudun shirwa, amma komai zafin namanta ba za ta iya rufe tsaki goma da suka warwatsu a fili ba. Saboda haka kada ki sake su. Ki samu babban kwando mai faɗin gindi, ko a haɗa miki keji na katako da ragar waya wanda mutum ɗaya zai iya ɗagawa, ki kife uwar da 'ya'yanta a inuwa. Kullum ki matsar da shi sabon wuri, don kada kashi ya taru, su kuma samu abin tono. Ki ɗora dutse a saman kwandon saboda kare da iska. Abincinsu ba wuya: ɓarzajjen gero ko masara, dusa, dakakken ƙuli-ƙuli kaɗan, ganyen zogale, da gara idan ana samu. Kaskon ruwan ya zama marar zurfi, ki zuba tsakuwa a ciki, domin tsako yakan faɗa ruwan da bai kai rabin yatsa ba, ya jiƙe, sanyi ya kashe shi.

Na san wasu suna shafa wa 'yan tsaki galura, ja ko shuɗi, don shirwa ta kasa gane su. Ba na hanawa, masu yi suna cewa suna ganin amfaninsa. Sai dai launi yana gogewa da zarar sabon gashi ya fito, kuma ba ya hana mage ko ɓera. Kada ya sa ki ajiye kwando. Idan sun kai lokacin saki, a samu wurin ɓuya a tsakar gida, ko rumfar zana ce, ko tarin ƙaya, ko gindin lalle. A rani ne aka fi buƙatar wannan, lokacin da ciyawa ta bushe, fili ya zama fayau. Ki kuma koya wa yara sauraren zakara: kukan da yake yi idan ya hango abu a sama daban yake da wanda yake yi idan abu ya taho ta ƙasa.

Da dare kuwa kaza ba ta gani sosai, ba ta kuma iya gudu, duk abin da ya shiga wurinta ya samu sadaka. A nan akurki yake aikinsa. Akurkin ƙasa irin na iyayenmu yana da ɗumi, yana da araha, amma gafiya tana haƙa ta ƙarƙashinsa, kuma fasasshen kaskon da ake jinginawa a bakinsa ba ya tsare muzuru ko tunku. In shi za ki yi, a daɓe ƙasansa da siminti, a yi masa ƙofar katako ko ta langa-langa mai sakata. Wanda na fi so shi ne na katako mai ƙafafu, a ɗaga shi kamar mita ɗaya daga ƙasa. A naɗe kowace ƙafa da langa-langa mai siffar mazurari, bakinsa yana kallon ƙasa, yadda ɓera zai hau ya ci karo ya dawo. A yankunan da ake fama da kwarkwasa da damina, a tsoma ƙafafun cikin gwangwani mai baƙin mai, a kuma zagaye wurin da toka.

Zancen waya nan ne mutane suke son rage kuɗi, nan ne kuma bai kamata a rage ba. Ragar nan mai manyan idanu kaza kawai take hanawa fita, ɓera da maciji suna ratsa ta, kare kuma yana yaga ta. Ki sayi mai ƙarfi wadda idonta bai wuce rabin inci ba, ki rufe duk tagar shan iska da ita. In kin yi musu shingen yini, a binne gindin wayar kamar ƙafa ɗaya cikin ƙasa saboda masu tono. Bayan kafinta ya gama, ki bi akurkin da yatsanki: duk kafar da babban yatsa ya shiga, a toshe.

Maciji ƙwai yake bi, yana kuma bin ɓera, shi kuwa ɓera tsabar da aka bari a ƙasa ce take kawo shi. Ki share ragowar abinci kafin dare, ki ajiye dusa a durom mai murfi, ki kwashe ƙwai kullum, ki raba akurki da tarin itace, bulo da ciyawa. Kada ki zuba maganin ɓera inda kaji da yara suke yawo, tarko ya fi aminci. Kada kuma a tura yaro ya zura hannu cikin akurki a duhu, a haska tocila tukuna. Kumurci yana fesa dafi a ido daga nesa. In hakan ta faru, a wanke idon da ruwa mai yawa nan take, a tafi asibiti.

Idan an yi miki ɓarna, ki duba wurin kafin ki share, domin kowane maɓarnaci da irin sawunsa. Ƙwai ya ɓace ba ko ɓawo, ki zargi maciji. Kaji sun mutu a warwatse, gashi ko'ina, ba a ci naman ba, yawanci aikin kare ne. An ciji wuya ko an cinye kai cikin dare, ki nemi kafar da muzuru ko tunku ya bi. In kuwa babban zakara ne ya ɓace ana gab da Sallah ba ko digon jini, kwaɗo ƙofar take buƙata.

Akwai abin da ya fi duk waɗannan kisa, wato annobar nan ta lokacin hunturu da likitocin dabbobi ke kira Niyukasil, wadda kan share kajin unguwa cikin 'yan kwanaki. Ba ta da magani, sai rigakafi. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a jihar Filato tana yin maganin rigakafin I-2, wanda ake ɗigawa a ido duk wata uku zuwa huɗu, kuma ya fi sauran jure zafi. Ku haɗu da maƙwabta ku sayi kwalba ɗaya, ta ishi gidaje da dama. Duk sabuwar kazar da aka kawo daga kasuwa ko aka ba ki kyauta, ta yi mako biyu a ware kafin ta haɗu da naki.

Ki saba musu da watsa ɗan gero a bakin akurki da la'asar sakaliya, za su riƙa dawowa da kansu. Ki ƙirga su kafin a kira magariba, ki sa sakata da hannunki, kada ki bar wa yara wannan aikin.