Tsakanin Haƙƙin Iyaye da Lokacin Yaro

Gabatarwa

A ƙasar Amurka akwai kotunan da ke sauraron shari'ar yaran da aka wulaƙanta ko aka yi sakaci da su a gida. Yaron da aka kawo gaban irin wannan kotu bai yi laifin kome ba. Abin da alƙali yake bincike shi ne ko gidan iyayensa wurin zaman lafiya ne a gare shi.

Yadda shari'ar take tafiya

Idan ma'aikatan jin daɗin jama'a suka ɗauke yaro daga gida, dole su kai maganar gaban alƙali cikin 'yan kwanaki. Akan naɗa wa yaron wakili mai kare muradinsa. In zargin ya tabbata, sai a tsara wa iyaye abin da za su yi: neman magani in shaye-shaye ne matsalar, koyon renon yara, samun masauki, da ziyartar yaron a kai a kai. Akan duba ci gabansu aƙalla kowane wata 6.

Manufa ta fari

Dokar 1980 ta wajabta wa hukuma yin ƙoƙari gwargwadon hali domin a mayar da yaro ga iyayensa. A 1982 kuma Kotun Ƙoli ta yanke cewa ba za a yanke haƙƙin iyaye ba sai da hujja bayyananna mai gamsarwa. Dokar 2008 ta ƙara da cewa a sanar da dangi cikin kwana 30, a kuma yi ƙoƙari kada a raba wa da ƙane.

Iyakar jira

Amma yara da yawa sun yi ta girma a hannun masu riƙo, daga wannan gida zuwa wancan, ana jiran iyaye su gyaru. Saboda haka a 1997 Shugaba Bill Clinton ya sa hannu a kan wata doka da ta sa iyaka. Cikin wata 12 dole kotu ta zauna ta tsai da makomar yaron. In ya yi wata 15 a riƙo cikin wata 22 na baya, sai hukuma ta nemi a yanke haƙƙin iyaye domin wani iyali ya mai da shi ɗa bisa doka, sai dai in yana hannun dangi, ko akwai wani dalili mai ƙarfi.

Kammalawa

Babba yana iya ganin shekara biyu kamar jiya. Ga yaro ɗan shekara huɗu kuwa, rabin rayuwarsa ke nan. Iyayen da suka yi tuntuɓe sun cancanci taimako da zarafin gyara, amma yaro ba zai dakatar da girma yana jiransu ba.

Tambayoyi domin nazari

1. Wane taimako dangi da maƙwabta za su iya bayarwa tun kafin magana ta kai kotu?
2. Yaushe haƙuri da iyaye yake zama cuta ga yaro?