Masai na zamani bai hana Romawa tsutsar ciki ba

Aikina duba kashin mutanen da suka mutu shekaru ɗaruruwa, wasu ma dubbai. Kashin da ya bushe a kogo ko ya daskare a tsohon masai yakan koma kamar tsakuwa, amma abin da mai shi ya ci yana nan ciki: ƙayar kifi, dusar hatsi, gashin dabba, ƙwallon 'ya'yan itace.

Jiƙa shi muke yi a ruwan magani, dabarar da Eric Callen ya fito da ita wajen 1960 a kan kashin da aka tono a Peru. Bayan 'yan kwanaki sai ya yi laushi, ruwan ya yi duhu, wani lokaci har warin ya dawo, ranar nan kuwa ba mai leƙo mu. Sai a tace, a ɗiga a gilashi, a sa a madubin likita. Tsutsar cikin mai kashin ta daɗe da ruɓewa, ƙwanta ne ke saura, domin ɓawonsa tauri gare shi. Wani ƙwan, da ka gan shi ka san shi, dogo-dogo, da ɗan murfi a kowane baki.

A 1972, wajen haƙa harsashin banki a birnin York na Ingila, an tono wani kashi mai tsawon santimita 20 na zamanin Vikings. Mai shi nama da burodi yake ci, cikinsa kuma fal tsutsa.

Na Romawa ya fi ba ni mamaki. Suna da masai na jama'a da ruwa ke wankewa, da magudanai, da gidajen wanka. Amma da Piers Mitchell na Jami'ar Cambridge ya tattara shaidun a 2016, sai ya ga tsutsar ciki ba ta ragu ba a zamaninsu. Cikin dalilan da ake zargi har da kwashe kashi daga gari a zuba a gona ɗanye. An share titi, an dawo da ƙwan cikin kwandon kayan miya.

Macijin ciki mace ɗaya na iya zuba ƙwai wajen 200,000 a rana, kuma ƙwan yakan yi shekaru a ƙasa da ransa. Don haka duk mai lambun da ke sayen abin da aka yaso daga shadda, ya tara shi gefe ya shekara kafin ya kai shi kusa da latas ko kabeji. Mai saye kuma ya wanke ganye ɗaya bayan ɗaya da ruwa mai gudu, domin ƙwan manne wa ganye yake yi, tsomawa a roba ba ta fitar da shi.