Motar da Ba Ta Lotsewa

A Tudun Kaya, kamar sauran garuruwan Karaye da Rogo, idan direba zai yabi tsohuwar mota sai ya ce ƙarfe ce zalla, ko ta yi karo ba ta lotsewa. Wani malamin fiziks da ke shirya ɗalibai jarrabawar WAEC da NECO a yankin yana ganin wannan yabon akwai gyara a cikinsa, kuma da shi yake buɗe darasin karo.

Karo iri biyu ne. A teburin snuka, ƙwallo ta bugi 'yar'uwarta, ta tsaya cak, ɗayar ta ɗauki gudun ta wuce. Kusan babu abin da ya ɓata na makamashin motsi. Amma jefa curin laka a jikin bango, sai ya manne. A duka biyun, jimillar nauyi sau gudu, idan an yi la'akari da alƙiblar tafiya, ba ta canzawa, ƙa'idar da masanan kimiyya Wallis da Wren da Huygens suka warware wa ƙungiyar masana ta Landan a 1668 da 1669. Bambancin yana ga makamashin. A karon mannewa, wani kaso nasa yakan koma zafi da ƙara da lanƙwasar ƙarfe, ko karayar ƙashi.

A nan malamin yake daɗewa a bakin allo. Babura biyu, kowanne da kayansa da mahayinsa kilo 200, kowanne yana gudun kilomita 54 a awa, wato mita 15 a daƙiƙa. Suka haɗu gaba da gaba, suka tsaya. Kowanne ya zo da jul 22,500, jimilla 45,000, kuma duk sai sun sami wurin shiga cikin ƙiftawar ido. Idan aka ninka gudun sau biyu, makamashin ninkuwa yake sau huɗu, ya kai 180,000. Ɗalibai sukan ci wannan lissafi a takarda, sannan a tashi su hau babur su uku a kan hanyar Rogo, ba mai hular kwano.

Tun da makamashin karo sai ya sami wurin shiga, shi ya sa injiniyan Mercedes-Benz, Béla Barényi, ya tsara gaban mota da bayanta su riƙa murƙushewa da gangan, kamfanin kuma ya fitar da irin wannan mota a 1959. Ƙarfen da ya lotse ya shanye makamashin, ya kuma tsawaita lokacin tsayawa, sai bugun da ke isa ƙirjin direba ya ragu. Motar da ta fito sumul, fasinjojinta ne suka sha bugun.

Babur ba shi da wannan gatan. Abin da ɗan acaɓa yake da shi shi ne farin soson da ke cikin hular kwano, wanda aikinsa ya murƙushe a madadin ƙoƙon kai. Sau ɗaya yake yin aikin. Don haka malamin yake gaya wa iyayen yara cewa hular da ta taɓa shan bugu mai ƙarfi a canza ta, ko da bayanta bai tsage ba.