Ruwan Naƙuda: Wanda Muke Sawa da Wanda Ake Kawo Mana

Ranar wata Talata, ranar awo, na auna wata yarinya mai cikin fari, na ga jininta ya hau, ƙafafu sun kumbura har takalmi ya ƙi shiga, ciki kuma ya kai mako 41 da kwana biyu. Likita ya ce a kwantar da ita a tayar mata da naƙuda. Kafin yarinyar ta buɗe baki, gwaggonta da ta rako ta ta miƙe tana gyara mayafi.

"Sista, ba za a sa mata ruwan naƙuda ba. In mangwaro ya nuna, da kansa yake faɗowa."

Na ce, "Hajiya, zauna mu yi magana. Me kika gani?"

Ashe ta gani ɗin. 'Yar maƙwabciyarta aka yi wa allurar naƙuda, mahaifa ta tsage, aka rasa ɗan, uwar ma da ƙyar ta sha. Da na tambayi inda aka yi allurar, sai ta ce a ɗaki, wani mai kemis na unguwa aka kira da dare.

Ban ga laifin tsoronta ba, domin irin waɗannan matan mu ake kawo wa. Ƙarfe biyun dare za ka ji a-daidaita-sahu ya tsaya a ƙofa, a shigo da mace jiki ya yi sanyi, ciki ya daina murɗawa gaba ɗaya bayan an kwana ana ihu, 'yan rakiya na cewa ai ta samu sauƙi. Mu kuwa wannan shirun ne yake tayar mana da hankali. Sai an matsa da tambaya wata za ta sunkuyar da kai ta ce, "An ɗan yi mata allura biyu."

Maganin ɗaya ne da namu, sunansa oksitosin. Aikinsa ya sa mahaifa ta matse. Amma naƙuda ta gaskiya matsawa ce da saki, kuma a lokacin sakin ne jini yake ratsa mabiyiya ya kai wa jariri iska. In aka ɗirka wa mace kwalba guda a cinya lokaci ɗaya, mahaifa za ta dunƙule ta ƙi saki. Jariri ya galabaita. In kuma hanya ba ta buɗe ba, ko ɗan ya kwanta a gicciye, ko ƙugun uwa ya yi masa kaɗan, ƙarfin nan ba shi da mafita sai jikin mahaifar kanta. Wadda ta haihu bakwai ko takwas, da wadda aka taɓa yi wa aiki, su suka fi shiga wannan haɗari. A wurinmu cikin ledar ƙarin ruwa ake zuba shi, a fara da ɗigo kaɗan, a riƙa ƙarawa duk rabin awa, hannuna a kan ciki ina ƙirga sau nawa ya murɗa cikin minti 10, kunnena a kan bugun zuciyar ɗan. In na ga ya yi yawa, sai na murɗe igiyar, cikin 'yan mintoci ya lafa. Allurar da ta shige tsoka kuwa babu mai zaro ta.

Ƙwayar ma haka take. Misoprostol da ake sayarwa a kemis, ƙwaya ɗaya maikirogiram 200 ce. Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a ba mai ciki don tayar da naƙuda 25 ne, wato kashi ɗaya cikin takwas na ƙwayar, kuma ba a ba wadda aka taɓa yi wa tiyatar haihuwa. Na sha karɓar wadda aka ba ƙwaya biyu cur ta haɗiye, aka bi ta da maganin zaƙi.

To me ya sa muke taɓa cikin da bai tashi ba? Mabiyiya tana tsufa. In ciki ya haura mako 41, abin da take kai wa ɗan yana raguwa, haɗarin ya mutu a ciki yana ƙaruwa, shi ya sa a nan hukumar ta ja layi. Ga hawan jinin masu ciki, wanda in ya tsananta jijjiga ke biyo baya, kuma maganinsa na ƙarshe shi ne a raba uwa da cikin. Faya kan fashe a kwana a wuni naƙuda ba ta zo ba, ƙwayoyin cuta su samu ƙofa. Haka ciwon suga, da raguwar motsi, da cikin da ɗan ya riga ya koma.

Inda muke shan wahala shi ne lissafi. Da yawa daga matanmu a kan goyo suke samun ciki, ba su ga al'ada ba balle su riƙe rana. Sikanin da aka yi a watanni ukun farko shi ne mai faɗin gaskiya. Wanda aka yi a wata na takwas zai iya kuskure da mako biyu ko uku. Mace ta zo da takarda tana kuka wai ta wuce lokaci, ka duba ka ga da saura. Wannan ba ruwa take buƙata ba, haƙuri take buƙata da dawowa awo.

A 'yan shekarun nan wata tambaya ta fito daga 'yan boko. "Sista, an ce a Amurka tun mako 39 ake tayarwa, har yana rage tiyata." Gaskiya ne an yi binciken, an fitar da shi a 2018, a kan mata masu cikin fari su fiye da 6,000 da ba su da wata matsala: cikin waɗanda aka tayar wa, kusan 19 cikin 100 aka yi wa aiki, waɗanda aka jira kuwa 22. Amma can kowace mace da na'urarta a ɗaure a ciki tana bin zuciyar jariri. Ni akwai daren da nake ni kaɗai da ɗaliba a kan gado shida, wuta ta ɗauke, ina haska agogo da waya. Don haka wadda take so ta haihu kafin azumi, ko kafin maigida ya yi tafiya, ina ba ta haƙuri.

Mu ma ma'aikata muna da namu laifin, kuma ban cire kaina ba. Sau nawa na miƙa takarda na ce "a sa hannu nan" ba tare da na zauna na yi bayani ba? Mace tana da ikon ta tambaya me ya sa, me zai faru in an jira kwana biyu, ko ɗakin tiyata a buɗe yake, ko akwai jini a ajiye. Tayar da naƙuda kan ɗauki kwana ɗaya ko biyu, wani lokaci ya ƙi, a ƙare da aiki. Gara ta ji wannan tun da rana. Maigida kuma ya bar izininsa tun kafin ranar, kada a riƙa nemansa a kasuwa jini na zuba. A Nuwamban 2024 ministan lafiya Muhammad Ali Pate ya sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa ƙarfi, to a tambaya tun lokacin awo ko asibitin yana cikin shirin.

Bayan ɗa ya faɗo, allurar nan da nake tsoro ita ce ta farko da hannuna ke kaiwa. Yanzu mahaifa babu kowa a ciki, matsewarta ce ke tsayar da jini. Zubar jini bayan haihuwa na kan gaba wajen kashe mata, a ƙasarmu da aka ƙiyasta ta rasa mata kimanin 82,000 sanadin ciki da haihuwa a 2020 kaɗai. Binciken da Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ta yi aiki a cikinsa, wanda ya fito a 2023, ya nuna amfanin leda mai ma'auni da ake shimfiɗa wa mai haihuwa: da jini ya kai mililita 500 a haɗa magunguna gaba ɗaya, ba a tsaya kintace da ido ba.

Sai jego. Ba ni da faɗa da zaman arba'in, ko hutun, ko gasasshen nama. Da ma kowace mace ta samu. Faɗana da kanwa ne da tafasasshen ruwa. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya ga masu jego, suka danganta shi da gishirin kunun kanwa da zafin wanka da kwanciya kan gadon wuta. Mai jegon da ke haki, ba ta iya kwanciya sai an tokare ta da filo, ƙafa na ƙara kumbura, ba ƙarin wanka take nema ba. Ciwon kai mai tsanani da ganin dishi-dishi ma haka, domin jijjiga tana zuwa ko bayan an sauka. Ruwa mai ɗumi ya isa, kunun gyaɗa da na tsamiya ba su kashe kowa ba.

Yarinyar nan ta Talata sai daren Laraba ta sauka. Sau biyu Hajiya tana naɗe tabarma za ta tafi da ita, sau biyu ina zaunar da ita kusa da leda na ce ta taya ni ƙirga ɗigo. Namiji aka samu. Washegarin suna suka dawo awon jini, na ga 150 bisa 95. Na tambayi mai jego ko tana shan kunun kanwa, ta kalli gwaggonta.

"Ɗan kaɗan ne, Sista, don nono."

Na mayar da ita kan ƙwayar hawan jini, na ce a ajiye kanwar, su dawo Litinin da safe.