Yashin da ke riƙe da gadojin Kaduna

Duk mai kwana a Kakuri, Barnawa, Narayi ko Sabon Tasha, amma abincinsa na Babbar Kasuwa ko Kawo, ba shi da hanya sai ta kan ruwa. Ko ya bi tsohuwar gadar da ke kusa da filin wasa na Ahmadu Bello, ko ta hanyar Nnamdi Azikiwe, ko ta Yakowa, ko sabuwar ta Kabala Costain da aka buɗe a 2022, dole ya ratsa Kogin Kaduna safe da yamma.

Duba lafiyar gadoji shi ne aikina. Koken da jama'a suka fi kawo mana na ramuka ne a kan kwalta, da fitilun da suka mutu, da ƙarfen gefe da mota ta karya. Duk gaskiya ne. Sai dai abin da ya fi tayar mini da hankali yana can ƙarƙashin ruwa, inda direba ba ya gani.

Ginshiƙin gada ba shi kaɗai yake tsaye ba, ƙasa da yashin da suka rungume tushensa su ne ƙarfinsa. Idan ruwa mai gudu ya bugi ginshiƙi, sai ya murɗa ya yi ƙasa, yana yashe gindin. A watan Agusta da Satumba, lokacin da kogin ke cika ya batse, ramin kan yi zurfi sosai. Da ruwa ya janye, laka mai taushi ta cike shi, mai dubawa da rani ya ga wuri sumul, alhali lakar ba ta riƙe komai. Shi ya sa ba ma yarda da ido kawai, sai mun auna.

Haƙar yashi kusa da gada tana ninka wannan ɓarna. Mutane da yawa na zaton in an haƙa a ƙasan gada, wajen da ruwa ya riga ya wuce, babu laifi. Nan ne ma ya fi haɗari. Kogi ba ya barin rami a cikinsa: zai riƙa ciko shi da yashin da yake kwasowa daga sama, bakin ramin yana matsowa damina bayan damina har ya iso gindin ginshiƙi.

A watan Maris na 2001, wata tsohuwar gada a kan Kogin Douro a ƙasar Fotugal ta rufta da motar fasinja da ƙananan motoci, mutum 59 suka rasu. Shekarun da aka yi ana kwasar yashi a kogin na cikin dalilan da bincike ya gano. A Legas ma, gadar Third Mainland mai tsawon kilomita 11.8, wadda aka buɗe a 1990, ministan ayyuka David Umahi ya fito fili ya ce masu haƙar yashi sun tone wa tushenta ƙasa. Su can ga ruwan gishiri yana cin rodi. Mu Allah ya raba mu da gishiri, amma kogin da za ka ga duwatsunsa a fili a watan Maris, ya dawo yana shiga gidaje a Nasarawa da Kigo da damina, ba abin rainawa ba ne.

Ban ɗauki masu yashi abokan gāba ba. Da guminsu ake buga bulon da ya gina rabin garin nan, kuma akwai gidajen da ba a ɗora tukunya sai tifa ta yi lodi. Roƙona ga shugabanninsu da masu unguwannin bakin kogi shi ne a ja da baya sosai daga kowace gada, sama da ƙasa, a bar injiniyoyi su shata iyaka.

Masunta da masu wanki da masu lambu, ku ne kuke ganin ƙasan gada kullum. In kun ga tushen da dā yake binne ya fito, ko kankare ya ɓare rodi ya yi tsatsa, ko itatuwa da shara sun taru a jikin ginshiƙi, ko ana ƙona bola a ƙarƙashi, ku ɗauki hoto ku kai wa mai unguwa ko hukumar hanyoyin jiha, KADRA, in gadar ta tarayya ce kuma FERMA. Direbobi kuma, in bakin gada ya fara lotsawa har mota na tsalle wajen hawa, ku faɗa tun kafin ruwan Agusta ya sauka.