Sauka Daga Mulki Ba Barin Hidima Ba Ne

A shekarar 1812, Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo, Allah Ya ƙara masa yarda, ya raba ɗawainiyar daula biyu: yamma ga ƙanensa Abdullahi, gabas ga ɗansa Muhammadu Bello. Shi kuwa ya zauna Sifawa yana karantarwa, yana wallafa littattafai, yana tarbiyyar almajirai bisa tafarkin Ƙadiriyya. Ya koma Sakkwato a 1815, ya rasu a 1817.

A nan akwai darasi ga muƙaddamin da girma ya kama, a Dogon Dutsi ko Tibiri. Wanda ya ƙanƙame jagoranci har ƙarfinsa ya ƙare, zawiya kan watse bayansa. Gara ya miƙa wa na baya tun yana iya gyara musu, shi ya riƙe wuridi, karantarwa da sulhunta 'yan'uwa.

Allah Ya sa a cika da imani, amin.